Ina Hukuncin? Magana a Kan Yadda Ɗalibanmu Ke Kammala Rubutu

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun insha'i na 'yan aji shida a gabansa, da jan biro a hannu, ya san abin da zan faɗa tun ban faɗe shi ba. Ko an ce ɗalibai su yi rubutu a kan zazzaɓin cizon sauro ne, ko zaizayar ƙasa, ko ruɓewar albasa a wurin ajiya, da wuya ka buɗe takardun ba ka tarar da yawancinsu sun ƙare da jimla guda ba, wato: daga ƙarshe ina kira ga gwamnati da ta taimaka. Wasu kuwa sai su koma sakin layin farko su kwafo shi, su sauya kalma biyu ko uku, su ajiye biro. Akwai kuma waɗanda kan tsaya cak a tsakiyar magana, kamar an ɗauke wuta ana cikin kallo.

Wannan abu ya zama ruwan dare, daga makarantun Jega da Jandutsi har zuwa na Aliero da Maiyama, kuma ba laifin yaran ba ne su kaɗai. Mu malamai mukan ɓata makonni muna koyar da yadda ake buɗe rubutu da yadda ake jera sakin layi, amma idan aka zo kammalawa sai mu ce, ku taƙaita abin da kuka faɗa, shi ke nan. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, kammalawa hukunci ce da marubuci ke yankewa bisa hujjar da ya kawo, kuma yanke hukunci fasaha ce da ake koya kamar yadda ake koyon lissafi. Ina kuma ganin babu wurin da ya fi dacewa a koyar da ita kamar darasin kimiyya.

Rufewa daban, kammalawa daban

Bahaushe ba baƙo ba ne wajen rufe magana. Mai tatsuniya yakan ce ƙurunƙus, yara su san an gama. Mai rubuta wasiƙa yakan ce haza wassalam. Malaman da suka rubuta waƙoƙin ajami a ƙarni na 19 sukan rufe da godiya, sau da yawa su sa ramzin shekarar da suka gama. Waɗannan duka hanyoyi ne masu kyau na sallamar mai sauraro, amma aikinsu shi ne su ja ƙofa kawai. Ba su ne ke gaya maka abin da aka gano ba.

Ka ƙaddara alƙali ya zauna tun hantsi yana sauraren mai ƙara da wanda ake ƙara, ya ji shaidu, ya duba takardu. Da azahar ta yi sai ya maimaita abin da kowa ya faɗa dalla-dalla, sa'an nan ya ce a tashi. Babu shakka kowa a zauren zai tambaya, Allah gafarta malam, ina hukuncin? To, haka mai karatu ke ji idan ya bi ɗalibi shafi biyu, ya zo ƙarshe ya tarar da maimaici ko kira ga gwamnati. An tara shaidu, amma alƙali ya ƙi yanke shari'a.

Kammalawa ta gari tana da nauyi uku a kanta. Na farko, ta amsa tambayar da aka yi tun farko, a fili, ba kwana-kwana. Na biyu, ta faɗi iyakar inda hujjar ta kai, kada ta wuce gona da iri. Na uku, ta nuna abin da ya kamata ya biyo baya, da wanda zai yi shi. Bari mu gwada waɗannan a kan abin da muka sani.

Misali daga albasa

Sunan Aliero ya zaga Nijeriya da maƙwabtanta saboda albasa, kuma kowane yaro a wannan yanki ya san damuwar manomi: a lokacin cira albasa takan yi arha, wanda ya iya ajiye ta har ta yi tsada shi ne da riba, amma ruɓewa da tsiro da ramewa kan cinye wani kaso kafin lokacin. Mu ƙaddara wata ɗaliba daga Jandutsi ta yi ƙaramin gwaji. Ta ɗebi albasa 200 daga gona ɗaya, ta raba biyu. Kashi na farko ta shanya shi a inuwa mai iska kwana 10 har wuyan albasar ya bushe, sa'an nan ta ajiye. Kashi na biyu ta ajiye shi nan take. Bayan mako 8 ta ƙirga, sai ta ga 12 sun ruɓe a kashi na farko, 31 a na biyu. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai, domin mu ga yadda za a kammala.

Idan ta rubuta cewa, daga ƙarshe albasa tana da muhimmanci ga tattalin arzikinmu, don haka gwamnati ta taimaki manoma, to ta zubar da wahalarta ta mako 8 a ƙasa, domin ko ba ta taɓa albasa ko ɗaya ba za ta iya rubuta wannan jimla. Idan kuma ta rubuta cewa, wannan gwaji ya tabbatar da cewa shanya albasa yana hana ta ruɓewa, to ta faɗi abin da ba ta gani ba. Ai 12 sun ruɓe duk da shanyawar, kuma gona ɗaya ce, shekara ɗaya, ɗaki ɗaya.

Ga abin da ya kamata ta rubuta: A wannan gwaji, albasar da aka shanya kwana 10 kafin ajiya ta fi jure ruɓewa, domin 12 cikin 100 ne suka ruɓe, alhali 31 cikin 100 suka ruɓe a wadda ba a shanya ba. Da yake daga gona ɗaya aka ɗebo ta, kuma sau ɗaya aka yi gwajin, ba za a ce haka zai kasance ko'ina ba. Ya kamata a sake gwajin baɗi da albasar gonaki uku ko huɗu, kuma manomin da ke son gwadawa ya fara da buhu ɗaya.

Dubi yadda jimloli uku suka ɗauki nauyin nan uku. Babu kalmar ƙawa ko ɗaya a ciki, amma mahaifinta zai iya aiki da ita, malamin gona ma zai iya.

Hatsarin faɗin abin da bai kai ba

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan magana ta cin jarrabawa ce kaɗai. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, akwai wata cuta da ke kama matuƙa idan sun daɗe a teku: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin miyaku su sake buɗewa, mutum ya rame ya mutu. A tafiyar da George Anson ya jagoranta ta zagaya duniya daga 1740 zuwa 1744, Ingila ta yi hasarar fiye da mutum 1,000, kuma wannan cuta na cikin manyan dalilai. Yau mun san rashin bitamin C ne ke kawo ta, amma ba a gano wannan sinadari ba sai wajen 1932.

A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwa mai suna James Lind ya yi gwaji a cikin jirgin Salisbury. Ya ɗauki majiyyata 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abu daban: wasu ruwan teku, wasu ruwan khal, wasu kuma lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya kullum. Cikin kwana 6 lemun ya ƙare, amma ɗaya daga cikin masu shan sa ya riga ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya sami sauƙi ƙwarai. Babu rukunin da ya kamo su.

Sai dai da Lind ya fitar da littafinsa a 1753, mai shafi fiye da 400, labarin gwajin 'yan shafuka kawai ya ci. Ya ci gaba da ɗora laifin cutar a kan danshin iska da wasu dalilai barkatai, ya kuma ba da shawarwari iri-iri, har amsar da ke hannunsa ta nutse a cikinsu. Rundunar ruwan Ingila ba ta fara raba ruwan lemun tsami ga matuƙanta a kai a kai ba sai 1795, wato shekara 48 bayan gwajin. Gaskiya ne akwai wasu dalilan jinkirin, kamar wahalar adana lemu a doguwar tafiya da ra'ayin manyan likitocin zamanin. Amma da wuya a ce rashin fitowa fili da hukunci bai taimaka ba. Mutumin da ya ga abu da idonsa ya kasa faɗinsa a jimla guda, wa zai faɗa masa?

Hatsarin faɗin abin da ya wuce

Ɗaya gefen ma yana da nasa ramin. A ranar 23 ga Maris 1989 wasu masana kimiyyar sinadarai biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka kira 'yan jarida a Jami'ar Utah ta Amurka. Suka ce sun ga wani zafi da ya wuce ƙima yana fita daga wata kwalbar gwaji, kuma sun yanke cewa irin haɗewar ƙwayoyin zarra da ke ba rana haskenta ce ke faruwa a kan teburinsu, ba tare da matsanancin zafi ba. Da haka ne, da duniya ta sami makamashi mai arha. Manyan ɗakunan gwaje-gwaje a Amurka da Ingila suka sake gwajin, ba su ga abin da aka ce ba. Kafin shekarar ta ƙare, kwamitin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa ya ce hujjar ba ta gamsar ba.

Abin da suka auna zafi ne. Abin da suka shelanta kuwa ya fi ƙarfin awon nesa ba kusa ba. Wannan shi ne kuskuren da ɗalibinmu ke yi a ƙaramin mataki, duk lokacin da ya rubuta ya tabbatar a wurin da yana nuna alama ta ishe shi.

A ɗakin gwaji ma muna da misali. A jarrabawar aikin hannu ta kimiyyar sinadarai, ta WAEC ko NECO, ɗalibi kan cika jadawali mai gida uku: gwajin da aka yi, abin da aka gani, da abin da aka fahimta. Idan wata iska ta ratsa tataccen ruwan farar ƙasa ya yi fari kamar madara, nan da nan yaro zai rubuta cewa iskar kabon dayoksaid ce. Amma iskar salfa dayoksaid, wadda ke tashi idan an ƙona farar wuta, ita ma tana yin haka. Sai an kula da warinta, ko an ƙara wani gwajin, kafin a yanke. Gidan nan na uku kammalawa ce ƙarama, kuma ɗalibin da ya saba raba abin da idonsa ya gani da abin da hankalinsa ya yanke ya sami rabin abin da muke nema.

Sai kuma me?

Nauyi na uku shi ne wanda kira ga gwamnati ke ƙoƙarin ɗauka ya kasa. Ba laifi ba ne a nemi hukuma ta yi aiki. Laifin shi ne a yi kira ba a ce wace hukuma ba, ba a ce ta yi me ba, kuma kiran bai fito daga cikin hujjar da aka kawo ba.

A 2010, a maƙwabciyarmu Jihar Zamfara, yara ƙanana suka riƙa sanƙamewa suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi aiki ba. Ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, tare da hukumomin lafiya na gida da na waje, suka auna jinin yara da ƙasar gidaje, suka gano gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake daka da niƙa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu. Hukuncin da masu binciken suka yanke ya zo da matakai sanannu: a fitar da aikin niƙa daga cikin gidaje, a kankare ƙasar da ta gurɓata a zuba sabuwa, a kuma ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Sun kuma nuna cewa magani ba zai yi amfani sosai ba idan yaro zai koma wasa a cikin ƙurar da ta sa shi ciwo, saboda haka tsabtace gari na gaba. Kowane mataki ya fito ne kai tsaye daga abin da aka auna. Da sun rubuta cewa a taimaka wa yara kawai, da babu wanda zai san inda zai sa hannu.

Abin da malami zai iya yi

Ga wasu hanyoyi da ba su buƙatar kuɗi ko kayan aiki.

Na ɗaya, malami ya rubuta sakamakon wani gwaji a allo, alƙaluma zalla, ya ce kowa ya rubuta kammalawa a jimla uku. A karanta biyar ko shida a gaban aji, a bar ɗalibai su faɗi wadda ta gaza da wadda ta zarce. Minti goma sha biyar sun isa.

Na biyu, a yi gwajin rufe tsakiya. Ɗalibi ya ba abokinsa takardarsa, abokin ya karanta tambaya da sakin layin ƙarshe kaɗai. Idan bai sami amsar tambayar ba, a mayar wa mai ita ya sake.

Na uku, a koya musu matakan kalmomi. Mai yiwuwa ne, akwai alamar cewa, sakamakon ya nuna, an tabbatar: waɗannan kamar duwatsun sikeli ne, kowanne da nauyinsa. Mai awo a kasuwar Jega ba ya sa dutsen kilo goma don auna kayan kilo ɗaya.

Na huɗu, a hana kira ga gwamnati na zango ɗaya, sai ga wanda ya ambaci wace hukuma, wane aiki, da wace hujja a cikin rubutunsa ta kai shi ga haka.

Na biyar, kuma shi ne mafi wuya, a girmama sakamakon da bai yi daidai da littafi ba. Idan ɗalibi ya yi gwajin lilon zare don auna ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, ya sami 9.2 maimakon 9.8 da ke littafi, kada a sa shi ya goge ya gyara. A ce ya rubuta 9.2, ya faɗi bambancin, ya kawo dalilan da za su iya jawo shi, kamar kuskuren danna agogo ko awon tsawon zare. Malamin da ke ba da maki ga wanda ya kwafo amsar littafi, ya hana wanda ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, yana koyar da ƙarya ne ba da niyya ba.

Uzurorin da za a kawo

Na san wani malami zai ce, ajinmu ya cika maƙil, manhaja tana da tsawo, kuma wannan aikin malamin Turanci ne ko na Hausa. Cikar aji gaskiya ce, shi ya sa hanyoyin da na kawo suka dogara ga allo da musayar takardu tsakanin ɗalibai. Amma batun a bar wa malamin harshe, ban yarda ba. Malamin harshe zai gyara jimla, amma malamin kimiyya ne ke da alƙaluman da za a auna jimlar da su. Kamata ya yi su haɗa kai, ko da sau ɗaya ne a zango.

Wani zai ce yaran ba su iya Turanci ba, ina za su iya wannan? Ai tunani yana gaba da harshe. A bar yaro ya faɗi hukuncinsa da Hausa tukuna, a tabbata ya san abin da yake nufi, sa'an nan a taimake shi ya juya shi. Sau da yawa abin da muke kira raunin Turanci rashin abin faɗa ne, domin wanda bai yanke komai a ransa ba, ko da harshen uwarsa ne zai yi ta kewaye-kewaye.

Ɗalibi kuma zai iya cewa, idan na faɗi iyakar gwajina, ba na tona wa kaina asiri ba? A'a. Wanda ya ce iyakar abin da na gani ke nan, shi ake yarda da maganarsa gobe. Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, a ƙofar gidanmu, kuma duk wanda ya shige ta zai rubuta kundin bincike kafin ya fita, ya tsaya gaban malamai ya kare babinsa na ƙarshe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda kuma bai je jami'a ba, zai zama manomi ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin asibiti da za a riƙa kawo masa sabon taki da sabon magani ana cewa an tabbatar, kuma zai buƙaci ya san yadda ake tambaya: a gona nawa aka gwada, sau nawa?

Kammalawa

Tun da na yi wa wasu wa'azi, dole in bi shi. Tambayar ita ce, me ya sa ɗalibanmu ba su iya kammala rubutu, kuma me za a yi? Amsata ita ce, mun koya musu rufe magana, ba mu koya musu yanke hukunci ba, kuma darasin kimiyya ne wurin gyara. Hujjata misalai ne daga tarihi da abin da malamai ke gani a aji, ba ƙididdigar makarantu ba, saboda haka ra'ayi ne da ke jiran gwaji. Kirana kuwa ga malamin kimiyya ne da ke karanta wannan shafi: a mako mai zuwa ka rubuta alƙaluma a allo, ka nemi jimla uku, ka ajiye takardun. Ka maimaita haka kowane mako har ƙarshen zango, sa'an nan ka kwatanta na farko da na ƙarshe, ka yanke naka hukuncin. Allah ya sa mu dace.